Hutun Kwana Uku na Auta

Auta ta haura shekara arba'in, amma a gidansu har yau ita ce 'yar aike. Shekara shida ke nan da ɓarin jikin Baba ya shanye, yayyenta suka ce ta riƙe shi kafin su shirya. Har yanzu shirin ake yi. Da safe ta ba shi magani ta gyara masa shimfiɗa, ta ruga kantin maganin da take aiki, da azahar ta rugo ta ba shi abinci ta koma. Ko asibiti, ko wajen aski, ko gidan biki, inda duk aka ga Auta an ga Baba da sandarsa.

Da mai kantin ya ba ta hutun kwana uku, ba ta gaya wa kowa ba sai da ta sayi tikitin jirgin ƙasa zuwa babban birni. A bayan wata tsohuwar takardar likita ta tsara tafiyar. Ranar farko gidan tarihi da tsohuwar gada. Rana ta biyu kasuwa, ta taɓa kowane yadi son ranta, ta sayi jan takalmi mai tsini, irin wanda ba a gudu da shi. Rana ta uku ba ta rubuta komai ba. So take ta ji yadda yini yake idan ba wanda ya ƙwala mata kira, kuma wannan kaɗai ne abin da ranta yake ƙishirwa.

Sai dai dole a samu mai zama da Baba, don haka ta kira babbar yayarsu.

"Ke kaɗai? Ikon Allah!" in ji Yaya. "To, zan zo in zauna da shi. Amma tunda Allah ya sa za ki, ga kan keken ɗinkina, can ne kawai ake gyara irinsa."

Kafin magariba labari ya zagaye dangi. Yayanta malamin makaranta ya ce ta karɓo masa wata takarda a ofis, wai aikin minti biyar ne. Matarsa ta aiko da awon labule. Har maƙwabciyar da ba ta amsa gaisuwa sai da ta shigo da murmushi da gilashin idonta da ya karye. Auta ta soke gidan tarihi, ta soke gada, kasuwa ma ta koma ta sautun mutane. Ta ji haushi ƙwarai, amma ta dubi rana ta uku tana nan fes, ta ce da babu gara ba daɗi.

Ashe ba nan gizo ke saƙa ba. Baba ne ba ta gaya wa ba. Kullum sai ta ce gobe, don ba ta san da wane baki za ta ce masa tana son hutawa da shi ba. Su kuwa yayyen kowa ya ɗauka wani ya faɗa masa. Shi dai yana daga ɗakinsa yana jin ana ta maganar jirgi.

Ranar tafiya da safe ta shiga da shayinsa, Yaya na biye da ita. Suka tarar da shi zaune a bakin gado cikin kayan fitarsa. Da hannu ɗaya ya sa maɓallan rigar, duk sun saɓa. Tsohuwar jakarsa na gefe, hannun wata riga ya leƙo ta baki. Ya zura takalma, igiyoyin ne suka gagare shi. Gumi ya jiƙa masa wuya, amma fuskar nan tasa sai annuri, rabon da ta ga haka tun yana da lafiya.

"Auta, ba mu makara ba ko?" ya ce. "Na ji an ce ƙarfe tara yake tashi."

Yaya ta zungure ta. "Ke, gaya masa mana," ta raɗa mata, ta ja da baya ta tsaya a ƙofa.

Auta ta ajiye kofin. Tana son tsohon nan har cikin ranta, kuma a wannan lokacin ji ta yi kamar ta kurma ihu ta fita da gudu. Sai ta durƙusa ta jawo ƙafarsa, ta fara ɗaura igiyar.

"Yaya, haɗo min magungunansa na kwana uku."

Baba ya dafa kanta da hannunsa mai lafiya. "Ai na sani ba kya iya tafiya ki bar ni. Allah ya yi miki albarka."

"Amin, Baba," ta ce, kanta a sunkuye. "Miƙo ɗayar ƙafar."