Koko da Kooko a Layin Famfo

A unguwar Nima ta birnin Accra, a lungun da ake kira Layin Famfo, duk ciwon da ya kama namiji tsakanin cibiya da gwiwa sunansa ɗaya ne: kooko. Kalmar Twi ce, ma'anarta basir, amma mazan layin sun ja ta sun miƙe ta har masu harshen ma ba za su gane kayansu ba. Ƙugu na ciwo, kooko. Fitsari na gardama, kooko. Ka rame, kooko ne. Ka yi teɓa, shi ne dai ya kumbura ka. Kuma kowa likita ne, kowa ya san wani mai kwalba da ke shiga trotro, motar haya, yana rantsuwa cewa maganinsa ya warkar da wani babban mutum.

Mahama tela shi ke riƙe da zauren WhatsApp na mazan layin, wanda suke ce wa guruf. Mutum ɗari biyu da 'yan kai ne a ciki, wasu a unguwannin Maamobi da Madina, wasu can ƙasashen Turawa suna shan sanyi suna aiko da gardamar ƙwallo. Don zumunci aka buɗe shi, amma a hankali ya zama allon sanarwar mutuwa, kuma Mahama ne mai rubutawa. A shekarar nan kaɗai sau bakwai ya ɗora hoton mutum ya rubuta lokacin jana'iza a ƙasa. Biyar daga ciki ba su kai shekara sittin ba. Kullum yakan rubuta "bayan gajeriyar rashin lafiya", kuma kullum ya san ƙarya yake yi. Ciwon ya daɗe, ɓoyon ne ya yi tsawo.

Abin da ya hana shi sukuni shi ne yayansa, Alhaji Muftahu. Gida ɗaya suke, bango ɗaya ya raba ɗakunansu. Muftahu tsohon direban babbar mota ne, mutumin da a zamaninsa yakan ɗauko albasa daga Bawku ya yi awa shida bai sauka daga kujera ba. Yanzu ko Madina ta nan Accra ba ya iya zuwa. Ranar ɗaurin auren 'yar ƙanwarsu ya ce kansa ke ciwo, alhali kowa a gidan ya san cunkoson hanya yake tsoro. Buta ba ta barin hannunsa. A masallaci ya bar sahun gaba ya koma kusa da ƙofa. Ya shiga bayi ya daɗe, ya fito fuska a murtuke, kafin a ɗan jima ya sake komawa. Kwalaben magani sun cika masa taga. Mahama yana tsoro, tsoro na gaske, kada hoto na takwas ya zama na ɗan'uwansa.

Sau ɗaya ya gwada yi masa magana. Muftahu ya dube shi sama da ƙasa, irin kallon da ya saba yi masa tun suna yara, ya ce, "Kooko ne. Ka je ka ɗinka wandon mutane."

Sai Mahama ya koma guruf, tunda yayan nasa yana ciki. Ya riƙa turo dogayen bayanai da hotunan cikin jikin mutum, game da wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wadda likitoci ke ce wa furostet, takan kumbura idan shekaru sun ja ta matse hanyar fitsari. Mutum ɗari biyu suka yi tsit kamar an ɗauke wuta. Can sai wani ya turo bidiyon akuya tana bin ɗan sanda, nan take guruf ya farfaɗo.

'Yarsa Samiratu, wadda ke aikin jinya, ta same shi a shago yana harare-hararen waya. Ta karɓa ta duba, ta yi dariya.

"Baaba, wa zai karanta wannan dogon Turanci? Kira shi da sunan da suka sani. Ka ce musu maganar kooko ne. Zan roƙi abokin aikina Wasiu ya zo ranar Asabar da kayan awo, ya duba jini da suga da na furostet ɗin. Namiji ne, ba mai jin kunyansa. Amma ka gaya musu kada su ci komai kafin su zo, saboda awon suga."

Mahama ya ɗora tabarau a kan hanci, ya rubuta da yatsa ɗaya, yana sauri don wani mai kaftani na tsaye a kansa: "Maganar koko. Ranar Asabar da safe a farfajiyar makarantar allo. Kyauta ne. Kowa ya zo, kada a karya kumallo." Ya tura, ya koma kan keken ɗinki.

Harafi ɗaya ya faɗi a hanya. Kooko ya zama koko, wato kunun gero mai yaji da duk Accra ke layi a kansa da safe.

Kafin ya gama kafa aljihu ɗaya wayar ta kusa faɗowa daga tebur don kuka. Mutanen da suka yi wata uku ba su ce uffan ba duk sun farka. "Da koose ko babu?" in ji wani, yana nufin ƙosai. "Nawa a sa madara da gyaɗa." "Allah ya saka ma Tela, chale abokina, yau ka yi magana mai ma'ana." Har na ƙasashen waje suna cewa a ajiye musu nasu. Mahama ya karanta saƙonsa sau biyu kafin ya ga ɓarnar, gumi ya karyo masa.

Shi ba mayaudari ba ne. Ya danna wurin ɗaukar murya ya ce, "Jama'a, ku yi haƙuri, kuskure ne. Kooko nake nufi, na ƙasa, ba na kofi ba. Ma'aikacin asibiti zai zo ya duba mu. Ba koko koraa, ko kaɗan."

Ya zauna yana jiran shirun da ya saba. Dariya ta fara zuwa, layi-layi na fuskoki masu hawaye. Sai wani dattijo mahauci ya aiko da murya, a natse kamar mai karanta sanarwa a masallaci: "Tela, mu dai koko muka ji. Koko za mu zo sha. In mun tarar da wani yana awo a wurin, to, wannan tsakaninsa da Allah." Wani ya ce shi ma koko zai zo sha. Wani ma haka. Kafin la'asar sun haura talatin.

A nan ne Mahama ya gane abin da ya shige masa duhu wata da watanni. Ba ƙin awon suke yi ba, yawancinsu a tsorace suke kamar shi. Abin da ba za su iya ba shi ne a gan su sun nufi wurin likita, matan layi su ce wane ma abin ya kama shi. Amma namiji ya fita da kofi a hannu da safe, wannan ba labari ba ne. Ya duba jerin waɗanda suka saurari saƙon, ya ga sunan Muftahu a ciki.

Da yamma ya je wurin Mma Fuseina, mai koko ta bakin layi, ya fara kame-kame. Ta katse shi da ludayi a hannu.

"Na ji komai, ɗana ya kunna mini. Tukunya biyu zan dama, sadaka ne. Maigidana ma kooko ya ce, kooko, kooko, har aka ɗauke shi a makara. Da an yi wannan wauta taka tun lokacin, wataƙila yana nan yana damuna."

Ranar Asabar farfajiyar ta cika tun rana ba ta yi zafi ba. Manyan mutane da furfurarsu, kowa da kofinsa, wani na roba, wani na silba, wani ma da jug ya zo don rashin ta-ido. Wasiu ya kafa tebur a bayan labule. Mma Fuseina ta kafa doka: ba ta zuba wa kowa sai ta ga auduga a hannunsa. Sai ka ji mutum yana cewa da ƙarfi, don kowa ya shaida, "Wannan mata da fitina, don koko kawai sai an soke ni!" Sannan ya shige bayan labule da sauri, ya daɗe yana yi wa Wasiu raɗa. Masu fitowa suna ɗaukar hoton kofi da auduga suna turawa guruf.

Mahama yana ta kai da kawowa, yana jera kujeru, yana raha, amma idonsa na kan ƙofa. Tukunya ta farko ta ƙare. Ta biyu ta kai rabi. Mutum arba'in da ɗaya aka duba, amma wanda ya tara taron dominsa ba ya cikinsu. Murnar ta fita daga ransa, ya ji kamar ya yi ɗinki mai kyau a kan awon da ba na mai riga ba.

Wasiu ya fara haɗa kaya ke nan sai ga Muftahu a bakin ƙofa, ba kofi, hannu a baya, yana tafiya kamar hanya ce ta biyo da shi. Ya tsaya ya ƙare wa wurin kallo. Mahama ya matso.

"Yaya, sannu da zuwa. Akwai sauran koko."

"Ban zo shan komai ba." Ya rage murya. "Ka tara duk Nima saboda ni, ko? Kana gani ban sani ba? Kuma yarinyan nan da na yi wa huɗuba ranar suna, shi zai duba ni?"

"Samiratu ba ta nan, Yaya. Namiji ne a ciki. Jini kawai zai ɗiba yau." Mahama ya dube shi ido da ido. "Saboda kai ne, ba zan yi maka ƙarya ba. Kai kaɗai ka rage mini. Ba zan iya rubuta sunanka a guruf ɗin nan ba, wallahi ba zan iya ba."

Muftahu ya kau da kai. Da ya juyo, sai idonsa ya sauka a kan hannun ƙanen. Ya kama hannun rigar ya ɗaga, ya duba dama, ya duba hagu.

"Ina audugarka?"

Mahama ya dubi hannunsa. Wata uku yana wa mutane wa'azi, bai taɓa kawo kansa a lissafin masu jiki ba. Gaskiyar magana kuma, allura tsoro take ba shi tun yana yaro.

"Saa? Ashe haka ne, Malam mai wa'azi!" in ji Muftahu, karon farko a watanni da gefen bakinsa ya motsa. "Wuce gaba. In ka zauna, na zauna."

Haka aka soke su ɗaya bayan ɗaya, Mahama ya runtse ido yana salati, yayansa na yi masa tsiya. Mma Fuseina ta kankare gindin tukunya ta raba musu a kofi biyu.

Bayan kwana huɗu Wasiu ya kira mutane ɗaya-ɗaya, ba a guruf ba. Mahama hawan jini aka samu, an ce ya rage gishiri ya zo a ɗora shi kan magani. Na Muftahu kuwa awon ya hau, sai ya ga likita an ƙara bincike. Mako biyu suna zirga-zirga, hoto, awo, jira a kan benci. Muftahu bai yi gardama ba. Ranar sakamako, da aka kira sunansa, ya miƙe ya yi taku biyu ya tsaya, ya ce ba tare da ya waiwaya ba, "Taso mu shiga tare."

Likitan ya tambaye shi tun yaushe abin ya fara. Ya ce shekara uku. Mahama ya juyo ya dube shi, shi da yake zaton wata shida ne. Likita ya juya takardu ya ce tsokar ta kumbura ƙwarai, amma binciken bai nuna ciwon daji ba. Ƙwaya zai riƙa sha kullum, ya riƙa dawowa ana dubawa, kuma ya bar kwalaben nan. Ya ƙara da cewa da an ƙara ja, ƙoda ce za ta fara taɓuwa, sun zo a kan gaɓa.

A waje suka zauna a inuwar wata bishiya. Muftahu yana jujjuya kwalin maganin a tafin hannunsa, ɗan ƙaramin abu da bai kai akwatin ashana biyu ba.

"Wannan ne kawai?" ya ce. "Mahama, na ɗauka tafiya ce ta zo. Bara na sayi likkafani, yana ƙarƙashin katifana. Ko matata bai sani ba. Kullum a kansa nake kwana."

Hawaye suka zubo wa Mahama, bai ko share ba. Bango ɗaya tsakaninsu, ɗan'uwansa ya shekara yana kwana a kan likkafani shi kaɗai.

"Ka bar shi a inda yake, Yaya," ya ce da ƙyar. "In sha Allahu zai daɗe yana jira."

"Kada ka sa wannan a guruf."

"Haba Yaya, ni zan..."

"Ni zan gaya musu da bakina. Na san mutum uku a cikinsu da suka sayi nasu, tare muka je kasuwa da ɗaya." Ya zaro wayarsa daga aljihu, ya goge fuskarta da hannun riga, ya miƙa wa ƙanensa. "Nuna mini inda ake dannawa a ɗauki murya."