Rigar Kalli a Ruwan Jego

Bushra ta haihu a tsakiyar sanyin 1998, lokacin da tattasai ke shanye ja wur a kan yashin kwarin Komadugu. Namiji ne. Washegari da safe uwarta, Ya Fanna, ta buɗe akwatin ƙarfe ta ciro rigar sanyin marigayi mijinta, Kalli, ta naɗe ta a ɗankwali, ta nufi gidan koyon sana'a na mata da ke kusa da kasuwar Diffa.

A gidan nan Malama Baturiya, mutuniyar Damagaram, take koya wa mata saƙa. Ba sabon zare suke saye ba. Tsofaffin rigunan ulu na gwanjo suke tattarawa, su warware su, su wanke zaren, su saƙa hula da safa. Abin da ya ƙi warwaruwa a tara shi a wani buhu a bayan ƙofa, don Malama ta hana a ƙona shi ko a zuba shi a bakin kogi.

"Wushe, Malama," Ya Fanna ta gaishe ta da Barbarci, ta shimfiɗa rigar a kan tebur. Ruwan toka ce, mai kauri, asu ya ci ta a wuri uku, ga ramin tartsatsin wuta a ƙirji. "Ta mai gidana ce. Da ita yake fita ban ruwa da asuba a Shetimari. Sunansa za a sa wa yaron ran Alhamis. Ina so ya shiga taro cikin rigar kakansa."

Maimouna, matar wani soja da aka kawo daga Doso, ta ɗago kai daga saƙarta. "Haba Ya Fanna, wata tara kina kallon cikin nan, sai yau kika tuna da riga?"

"Ke yarinya, a garinku ana yi wa wanda bai iso ba ɗinki? Baƙo sai ya sauka ake ba shi tabarma."

Mata suka yi dariya. Malama Baturiya ta juya rigar, ta duba ɗinkin kafaɗa, ta ce ulu ne na gaske kuma zai warwaru. Idan aka raba aikin, bargo ƙarami da hula za su samu kafin Alhamis. Suka cire hannuwan biyu, suka warware su, suka naɗe zaren a bayan kujera. La'asar ta yi ba su kai ga jikin rigar ba.

"Zaren nan ya lanƙwashe, sai ya sha ruwa zai miƙe," Malama ta ce a hankali, kamar yadda take faɗa wa kowace sabuwar ɗaliba. "Ki jiƙa shi a ruwan sanyi, kada ki cuɗa, kada ki murɗa. Ki rataye shi a inuwa. Ruwan kuma ki zuba a gindin bishiya. Ruwan sanyi fa, Ya Fanna."

"Na ji, Malama."

Ta ji ɗin. Amma da ta koma gida ta tarar da ƙatuwar tukunyar wankan jego tana tafasa a kan murhu, sai ta tsaya da kwano a hannu. Kayan da za su taɓa jikin jariri ɗan kwana biyu, a tsoma su a ruwan randa? Ai haka sanyi yake kama yaro tun yana tsumma. Ga shi rigar ta shekara huɗu a akwati. Malama mai kirki ce, amma karatun boko ya sa ta manta wasu abubuwa. Ya Fanna ta ɗebo ruwan zafi, ta zuba zaren da jikin rigar gaba ɗaya, ta goga sabulun salo, ta cuɗa da ƙarfin hannun da ya saba da jan guga. Ta buga a kan turmin da ta kifa. Ta ɗauraye, ta sake.

Da safe ta shigo aji ba ta yi wa kowa sallama da ƙarfi ba. Ta kwance ɗankwali. Zaren ya dunƙule ya zama curi biyu masu tauri, babu kai babu gindi. Rigar da Kalli ya cika da kafaɗunsa ta tsuke, ta koma kamar ta yaron da bai shiga makarantar lakwal ba.

"La ilaha," in ji Maimouna. "Kin dafa mijinki, Ya Fanna."

Babu wadda ta yi dariya. Ya Fanna ta zauna a ƙasa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Ita kaɗai ta rage mini. Sauran kayansa ƴan'uwansa sun raba. Na riga na faɗa wa Bushra, na faɗa wa dangin uban."

Malama Baturiya ba ta tambaye ta abin da ta yi ba, ƙamshin sabulun ya riga ya faɗa. Ta ɗauki rigar, ta kai ta bakin taga, ta ɗaga ta a hasken rana. Ta daɗe tana dubawa.

"Zo ki nuna mini ramin tartsatsin nan," ta ce.

Ya Fanna ta tashi da ƙyar. Ta lalubi ƙirjin rigar da yatsa, ta sake lalubawa. Ramin ya haɗe, sai ɗan tabo. Na asu ma sun ɓace.

"Ulu ba auduga ba ne," in ji Malama. "Gashin tunkiya ne. Idan ya ji zafi da sabulu da cuɗa, sai silin ya kama juna, ba ya sake saki. Zare kam mun rasa shi, ba zan ɓoye miki ba. Ba za mu saƙa bargo ba. Amma duba abin da ke hannunki." Ta hura iska a jikin ƙyallen, ta sa tafin Ya Fanna a ɗaya gefen. "Kin ji wani abu ya wuce?"

"Ko kaɗan."

"Maimouna, miƙo almakashi."

Ya Fanna ta riƙe mata hannu. "Malama, saƙa ce. In kin yanka za ta zube."

"Jiya da ta zube. Ki bar ni in gwada a nan ƙasa, wurin da ba zai ɓata komai ba."

Ta yanke ɗan siriri daga gindin rigar, ta ja bakin da yatsu biyu, ta ba Ya Fanna ita ma ta ja. Ko sili ɗaya bai fita ba.

Daga nan aikin ya tafi daki-daki. Suka tsaga rigar ta gaba, suka ɗinke gindinta, ta zama jaka mai buɗewa wadda jariri zai kwanta a ciki har wuya. Maimouna ta kawo tsohon zanen auduga mai laushi aka yi shafi, don kada ulun ya sosa fatarsa. Curin nan biyu Malama ta jiƙa su a ruwan ɗumi, ta danna ɗaya a kan gindin ƙaramar ƙwarya, ta ce wa Ya Fanna ta ci gaba da cuɗawa yadda ta yi jiya.

"Yanzu kuma cuɗar kike so?"

"Yanzu ita nake so. Kada ki tausaya masa."

Kafin azahar curin ya ɗauki siffar ƙwarya. Da ya bushe aka gyara bakinsa, ya zama hula. Maimouna ta dafa ɓawon albasa, ta rina ɗan farin zaren da ya rage daga wata riga, ya fito ruwan zuma, aka bi gefen jakar da shi.

Ran Alhamis da sassafe, sanyi na shiga har ƙashi, aka raɗa wa yaro suna Kalli. Ya Fanna ta fito da shi wurin mata cikin jakarsa mai ruwan toka, hula ta sauko masa har gira. Wata tsohuwa daga Shetimari ta taɓa ƙyallen, ta kalli tabon da ke ƙirji, ta kalli Ya Fanna, sannan ta ce Allah ya ji ƙan mai ita.

"Amin," in ji Ya Fanna. Ta leƙa fuskar jaririn. "Mai gida, ka dawo ka tarar da rigarka. Ta ɗan tsuke, amma kai ma ka tsuke."

Maimouna ta yi guɗa. Malama Baturiya tana gefe da kofin kunun kanwa, ta jira hayaniya ta lafa kafin ta matso.

"Ya Fanna, kin san buhun nan na bayan ƙofa, na rigunan da suka ƙi warwaruwa?"

"Na gan shi."

"Idan an gama jego, ki aro mana tukunyar. Ki zo da turminki."