Motar da Ta Ci Kaya

Khamis irin mutanen nan ne da ke aiki a Abuja, su kwana a Suleja, in sun je gida Kano kuma su ce a Abuja suke zaune. Ɗaki ɗaya yake haya a Iku. Yana da 'yar tsohuwar motarsa da yake wankewa safe da yamma, sannan yana son Tayyiba, malamar firamare, 'yar Malam Jibrin manomin doya. Son kam na gaske ne, ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Tayyiba ta amince, saura tsohon, wanda ya ce sai ya ga kamun ludayin yaron tukuna.

Ranar da Khamis ya je gaisuwa, Malam Jibrin ya rako shi waje, ya zagaya motar, ya ɗan bubbuga bayanta da sanda.

"Yaro, motar nan taka tana cin kaya kuwa?"

To, duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san abin da tsohon ke tambaya. Amma Khamis a majalisar samari yake yini, inda in an ce motar wane ta ci kaya, kayan sauti ake nufi. Ga shi kuwa rediyonsa a kunne, sifikun da suka zo da motar daga kamfani suna ta kwarkwar kamar an rufe kwaɗo a gwangwani. Kunya ta kama shi har wuya. Wai shi a dole an raina masa sauti! Ya ce Baba ya ba shi mako guda kawai. Tsohon ya ji daɗi, ya ce to ya kawo ta ranar kasuwar Sabon Wuse.

Washegari bai je ofis ba. Ya zarce wurin Olu, mai haɗa kayan sautin mota a bayan babbar kasuwa. Olu ya ɓalle murafen ƙofofi, ya ciro sifikun kamfani ya jefar a kwali, ya sa sababbi masu baƙar raga, ya ja wayoyi ta ƙarƙashin kujeru. Ya ce a haka ma ya isa. Ina! Khamis ya ce shi ba isa yake nema ba, so yake a ji zuwansa tun daga kan kwalta. Sai aka ƙera masa akwatin wufa, wato babbar sifika mai rugugi, ƙato kamar akwatin lefe, aka cusa a but ɗin bayan motar aka ɗaure da kusoshi. Ko tayar safaya sai da aka fitar don ya samu wurin zama. Da aka kunna, madubi ya hau rawa, Khamis ya ji ƙirjinsa na bugawa tare da kiɗan, daɗi ya rufe shi.

Ranar kasuwa ya sha shadda ya doshi gidan. Tun daga nesa awaki suka watse, kaji suka haye katanga. Ya tarar da Malam Jibrin a ƙofar gida, Tayyiba a gefensa, ga doya an tara tsibi, sabuwar haƙa, da ƙasarta. Tsohon ya yi masa nuni da hannu ya kashe abin nan, sannan ya ce a buɗe baya.

Khamis ya buɗe yana washe baki. Malam Jibrin ya leƙa, ya daɗe yana kallon akwatin da ya cinye but ɗin, ya tambaya ko gawar wa aka ɗauko. A nan ne gogan ya fahimci kayan da ake nufi, gumi ya karyo masa.

Har a lokacin fa abin bai lalace ba. Tsohon ma dariya ya yi, ya ce ba komai, a loda a kujerar baya. Tayyiba ta naɗe mayafinta ta fara ɗauka. Da Khamis ya tuɓe rigar nan ya kama, da tuni an sa rana. Amma yana ganin kan doya ya doshi ragar sabuwar sifikar ƙofa, sai bakinsa ya riga hankalinsa. Ya ce a yi a hankali. Ya ce ƙasa na shiga ciki. Da Tayyiba ta ƙara ɗora wata, ya yi wuf ya riƙe doyar, ya ce don Allah kar ta jingina a nan, ba ta san wahalar da aka sha ba.

Tayyiba ta tsaya da doya a hannu tana dubansa. Ba ta taɓa ganin ya damu da wani abu haka ba, har da ita, kuma abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ta juya ta fara sauke wadda ta loda.

Malam Jibrin ya rufe but ɗin a hankali, ya kakkaɓe hannu.

"Ashe ka riga ka yi aure, yaro. Ɗauki amaryarka ku tafi, kar rana ta dake ta."

Khamis ya dubi Tayyiba ko za ta sa baki. Ita kuwa ta tsugunna tana mayar da doyar kan tsibi, ta ce masa ya ɗan ja motar gaba, ya tare musu hanya.