Akawun Ɗin Marigayi Goni

Amatullah, mai kula da na'urorin kwamfuta na asibiti, ta sake tayar da aikin, kwamfutar ta sake watso mata amsar ɗazu: ba izini.

Aikin ba wani mai wuya ba ne. Kullum da sassafe, ba tare da kowa ya taɓa shi ba, yakan kwaso sakamakon gwajin jini daga rumbun bayanan ɗakin gwaji na Nguru, ya zuba a na asibitinsu a Gashuwa. In bai zuba ba, likita ba ya ɗora kowa a kan injin wankin ƙoda. Ga Iya Gumsu kwance a benci, an ɗauko ta tun daga Kumagannam, ƙafafu a kumbure, numfashi da ƙyar.

Da Amatullah ta bi sawu sai ta gano matsalar. Malam Goni, wanda ya riƙe na'urorin kafin ita, da akawun ɗinsa ya kafa aikin. Da ya rasu aka bar akawun ɗin, wai kada a ce an yi saurin mantawa da shi. Jiya aka yi sadakar arba'in, shugaban sashe Alhaji Madu ya dawo ofis, ya yi masa addu'a, ya rufe akawun ɗin. Bai san har da aikin ya binne ba.

Abin da ya ƙona mata rai, tun Goni na kwance take roƙo a buɗe wa aikin akawun na kansa, wanda ba ya ciwo ba ya mutuwa. Alhaji ya ce mabuɗin saba, babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan asibitin, ba na yara ba ne. Yara! Ita da ke tayar da sabar duk ranar da wuta ta kashe ta, shi kuwa yana can yana shan shayi.

Ta kira shi, ta same shi a Machina wurin suna. Ta danne fushinta ta yi masa bayani dalla-dalla, ta roƙi ya ba ta izini na ɗan lokaci ta gyara abin har abada.

"Ranka ya daɗe, baiwar Allahn nan ba za ta kai yamma a haka ba."

Ya yi gyaran murya, ya ce ba a taɓa yin haka ba, amma ta jira, kwamfutarsa na cikin mota.

Ta jira, tana jiyo tarin Iya Gumsu ta taga. Can sai sakamakon ya fara zubowa, sunan tsohuwar na ciki. Ta ruga ta faɗa wa likita, ba ta koma ba sai da ta ga an tura Iya ɗakin injin. Sannan ta zauna ta duba ko wane izini aka ba ta. Ba a ba ta komai ba.

Wayarta ta yi ƙara.

"Ya yi ko?" in ji Alhaji, da murnarsa. "Malam Goni na dawo da shi, na sake buɗe akawun ɗinsa. Shi dai mun san amanarsa."

Amatullah ta kalli sunan Goni a fuskar kwamfutar.

"Allah ya jiƙansa," ta ce, ta kashe wayar.