Kusa Huɗu, Kusa Shida

Wata biyar na yi ina yawo da hoton ƙashin bayan wani mutum, ina nuna wa jama'a a matsayin nawa. Har yau in na tuna yadda nake ɗaga shi sama a ƙofar masallacinmu na Obiagu, ina cewa ku zo ku ga ikon Allah, sai kunya ta rufe ni, daga bisani haushi ya biyo baya.

Sunana Badaru, ɗan dako ne ni a Inugu. Kallamu ne ya kawo ni garin. Ƙauyenmu ɗaya, katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu, kuma tun ina ƙarami Yaya nake ce masa, ko da yake ba mu haɗa uwa ko uba ba. Shi ne shugaban 'yan lodinmu, mu takwas, muna sauke tirelolin shinkafa a wani sito kusa da kasuwar Ogbete. Ƙa'idar wurin kowa ya san ta: mai sito ba ya riƙe ƙungiyar da ba ta cika takwas ba. Ranar da kuka zo ku bakwai, ranar zai yafito waɗanda ke zaune a bakin titi suna jiran ku yi tuntuɓe, kuma in suka shiga ba sa fita. Ni ma ta haka na samu gurbi. Shekara uku da suka wuce Ya'u, ƙanen Kallamu uwa ɗaya uba ɗaya, ya karye a baya aka yi masa aiki, sai Kallamu ya aika aka ɗauko ni daga gona na cike wurinsa.

Nawa ya zo ne cikin damina. An kwana ana ruwa, katakon da muke takawa daga tirela zuwa ƙasa ya yi santsi, na zamo da buhu a ka. Ban san sauran ba sai a asibiti. Jama'ar masallaci suka tsaya mini, Allah ya saka musu, aka yi aiki, aka ce an ɗaure ƙashin da ƙarfe da kusoshi. Ban tambayi ko guda nawa ba ne. Ina motsa yatsun ƙafata, wannan ya ishe ni murna.

Mai sito ya ɗaga mana ƙafa na wata uku, tunda a ƙofarsa na faɗi. Kallamu ya yi jinyata, wannan ba zan ɓoye ba ko da raina a ɓace yake. Shi ya riƙa juya ni, shi ya riƙa kai ni bayi. Da wata ukun suka cika, shi ya raka ni aka ɗauki hoton ƙashi.

Turancina a lokacin bai wuce na bakin tirela ba: oga, kari am, wait smol. Likita ya sa na kwanta rub da ciki yana danna bayana, yana ɗaga hoton a bayan ƙeyata, yana zuba wa Kallamu Turanci da sauri kamar ana koran sa. Ni dai tabarmar roba nake kallo. Da muka fito na ce, "Yaya, me ya ce?"

"Ya ce ka warke. Ƙashi ya haɗe. Ka fara aiki a hankali."

Na zauna a kan benci na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa. Kallamu ya dafa kafaɗata, ya maƙale ambulan ɗin hoton a hammata, muka nemi keke.

Mu shida muke kwana a ɗaki ɗaya, rufin kuma yana yoyo, saboda haka duk wata takarda mai muhimmanci a wurin Kallamu take. Yana da akwatin ƙarfe mai kwaɗo, a ciki katin zaɓenmu yake, da takardun asibiti, da duk abin da ba a so ruwa ya taɓa. Hotona ma can ya shiga. Bayan kwana biyu na ce ya ba ni, ina so matata Zinariya ta gani, don tun da aka yi aikin take kuka a waya. Ya ce in jira. Da yamma ya kawo mini shi a cikin leda, babu ambulan, ya kai shi jikin taga ya bi layin ƙashin da yatsa.

"Ka gani? Tsaf, kamar ba a taɓa ba."

Na gani kuwa. Ƙasusuwa a jere, ƙarfe biyu a miƙe, kusoshi farare ƙal. A kusurwa akwai ɗan rubutu. Na yi allo, ina karanta ajami ba gargada, amma boko ko harafi ɗaya ban sani ba. Na ce wannan fa? Ya ce sunanka ne. Na shafa wurin da babban yatsa, wai ni ga sunana a takardar asibiti.

Na ɗauki hoton da waya na tura gida. Zinariya ta kai wa Inna, Inna ta sa aka kai wa limamin garinmu ya yi addu'a a kai. Ni kuma a nan na zama mai nuna sinima. Duk wanda ya ce yaya jiki, sai in zaro leda. Mai shayin layinmu har ya fara tsokanata, wai in buɗe rumfa in riƙa karɓar masu kallo.

Na koma aiki ana gobe wa'adin mai sito zai cika. Makon farko rabin buhu na riƙa ɗauka, na biyu babu wanda ya ƙara maganar rabi. Lokacin shigowar kayan Kirsimeti ne, tirela tana tashi wata tana fakawa. Bayan yana ciwo, amma wane ɗan dako ne bayansa ba ya ciwo? In na yi ƙorafi Kallamu ya ce ƙarfe ne ba ya son sanyi, ya miƙo mini ƙwayoyi daga kemis. In na ji tsoro kuma sai in zaro hoton in duba, hankalina ya kwanta.

A wata na huɗu da komawata aiki silifa ta fara fita daga ƙafata ta hagu ban sani ba. Sai na yi taku goma wani ya kira ni ya nuna mini ita a baya. Aka mayar da abin wasa, ni ma na taya su dariya. Ranar da dariyar ta ƙare ina alwalar azahar ne. Na zuba ruwa a ƙafar dama na ji sanyinsa, na zuba a ta hagu ina kallon ruwan yana gangarowa, ban ji komai ba.

Na ce wa Kallamu mu koma asibiti. Ya ce mako mai zuwa. Mako mai zuwa ya zo, ya ce bari a sauke motocin nan biyu. Ranar da ya tafi Anaca rakiyar kaya, na ɗauki ledata na hau keke ni kaɗai, ina ta fargabar yadda zan yi da Turanci.

Allah ya sa ban buƙaci Turancin ba. Bayan an tura ni ɗakin hoto, na yi sallama saboda sabo, sai na ji an amsa mini cikakkiya. Mai ɗaukar hoton Bahaushiya ce, haifaffiyar unguwar Asata a nan Inugu, sunanta Ni'imatu. Tana yi wa abokan aikinta Ibo, ta juyo ta yi mini Hausa. Ta sa na cire laya da bel, ta ɗauke ni ta gaba, ta ɗauke ni ta gefe, ta ce in zauna. Da hoton ya fito ta ce ko na zo da tsohon, don likita zai so ya gwada su. Na miƙa mata ledar ina jin kaina, ga mutum mai tsari.

Ta maƙala su biyun a jikin allo mai haske. Ta daɗe tana kallo.

"Malam Badaru, tsohon hotonka na ce."

"Shi ne, Malama."

"Sau nawa aka yi maka aiki?"

"Sau ɗaya."

"To taso ka ƙirga mini kusoshin nan."

Na taso ina jan ƙafa. A tsohon na ƙirga huɗu. A sabon na ƙirga shida. Na sake ƙirgawa, don a zatona idona ne. Na ce ko injin ne ya yi kuskure?

"Kusa ba ta haihuwa a cikin mutum," in ji ta. Ba dariya take ba. "Kuma ka duba, ba ma wuri ɗaya aka ɗaure ba. Bayanin abin da ke cikin naka aikin likita ne, ba nawa ba. Amma rubutun nan zan iya karanta maka."

Ta sa yatsa daidai inda na saba shafawa.

"Ya'u. An ɗauka shekara biyu da suka wuce. Ka san wani Ya'u?"

Na ce na san shi.

Ita ta shiga da ni wurin likita ta yi mana tafinta. Ya nuna mini ta ƙasa a cikin shidan, ta rabu biyu, ƙashin da ke samanta ya zame ya danne jijiya. Ya buɗe fayil ɗina ya karanta abin da ya rubuta da hannunsa wata biyar baya, Ni'imatu tana mayar mini da shi Hausa jimla bayan jimla. Ƙashi bai haɗe ba. Kada ya ɗauki abin da ya fi buta nauyi har wata shida. Ya dawo bayan mako shida a sake hoto. An yi wa ɗan'uwansa bayani, ya ce ya fahimta.

Likitan ya cire gilashi ya dube ni. "Who tell you make you carry load?"

Wannan kam na gane ba tare da tafinta ba: wai wa ya ce in ɗauki kaya. Ya ce sai an sake buɗe ni, kuma da wuri. Na tambayi ƙafar. Ni'imatu ta fassara: mai yiwuwa ta dawo, mai yiwuwa ba ta dawo ba.

Washegari bayan la'asar na sami Kallamu a ɗakinsa yana cin rake. Na yi sallama, na gaishe shi yadda na saba, ya hanya, ya ka baro su. Sannan na ajiye hotuna biyu a kan tabarma, na ce ya buɗe akwati ya ba ni nawa.

Ya dube su, ya dube ni. Bai yi musu ba, kuma wannan ya fi ƙona mini rai, don na kwana ina shirya yadda zan kama shi in ya yi. Ya ajiye raken, ya ciro makulli daga wuyansa. Ambulan ɗina yana can ƙasa, a ƙarƙashin katunan zaɓe, ko lanƙwasa bai yi ba. Na zaro hoton na kai jikin taga. Kusa shida, duka lafiyayyu a lokacin. Likita ya zagaye wani wuri da jan biro, inda ƙashin yake da tsaga.

"Badaru, zauna ka ji."

"Ba na iya zama a ƙasa yanzu."

"Mutum bakwai na duba, da iyalansu. Na nema a gida, kaka ce, babu wanda zai bar gero a gona ya taho. Da na kai wa mai sito baƙo, cikin wata biyu zai jawo nasa su ture mu. Na ce ka jure zuwa bayan Kirsimeti, in ya so in tura ka gida ka huta. Wallahi ban zaci ƙarfe yana karyewa ba."

"Kirsimeti ta wuce da wata biyu."

Ya kawar da kai, na ci gaba.

"Da ka faɗa mini gaskiya ka roƙe ni, wataƙila da na yi maka. Ka san haka. Na taɓa ce maka a'a?"

"Shi ya sa ban so in ɗora maka nauyin zaɓi ba."

Na kusa yin dariya. Mutumin da ya ɗora mini buhu wata biyar, shi ne yake tausaya mini nauyi. Na ɗauki hoton Ya'u na ɗaga. Yana da kyau, har yanzu ina ganin kyansa. Ya'u yana Fatakwal yau, a Borokiri, yana sauke katako a kan ƙafafunsa biyu.

"Shi wata nawa ya kwanta kafin bayansa ya yi haka?"

Kallamu ya sunkuyar da kai.

"Na sani ai," na ce. "Shekara guda. Ni na ɗauki buhunansa. Ka san abin da hutu yake yi wa ƙashi, a akwatinka ka ajiye shaidarsa. Ka ba naka hutu, ni kuma ka ba ni hoton."

"Kai ma nawa ne."

"Inna ta sa an yi wa wannan hoton addu'a. Zinariya da shi take buɗe wayarta. Wata biyar suna yi wa ƙanenka addu'a, ni ina bakin tirela." Na ajiye masa shi a kan gwiwa. "Mayar masa da bayansa, Kallamu."

Ya ɗago da sauri. Tun da na fara magana a duniya ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba. Ni ma sai da na ji sunan ya yi mini ɗaci a baki, amma ban janye ba.

Na tattara nawa biyun, na dafa bango na fita. Na wuce famfo, na wuce mai gyaran takalmi, ina tunanin da wace kalma zan fara in Zinariya ta kira. Sai na ji gudu a bayana. Kallamu ne, riƙe da silifata ta hagu, wadda na baro a bakin ƙofarsa ban sani ba. Ya durƙusa a tsakiyar layi, mutane suna kallo, ya kama ƙafar da hannu biyu yana sa mini.

Na tsaya ina kallon hannunsa a kan ƙafata. Ban ji shi ba.