Kafin Gulbi Ya Cika

Cikin watan azumi na ji labarin, a shekara ta uku ta mulkin farar hula, ina zaune kan benci a kemis ɗin Bayo da ke bakin kasuwar Birnin Kebbi. La'asar ta yi sanyi, hadari yana tasowa a hankali daga gabas, ni kuma ina tsakanin barci da farke, irin na mai azumin da ya wuni yana zaga unguwanni. Aikina ke nan tun da na karɓo diflomata ta tsabtar muhalli, wato duba-gari, mai leƙa randuna da magudanan ruwa. Rediyon Bayo yana kan kanta tsakanin kwalaben maganin tari, ana karanto rahoton zaman majalisar dokoki ta Sakkwato.

Wani ɗan majalisa ya kawo ƙuduri a ranar, yana neman a umurci ma'aikatar lafiya ta ajiye jirgi mai inji da ungozomar asibiti a manyan mashigai na gulbi har ruwa ya janye, saboda tungayen da ambaliya ke raba su da hanya kowace damina. Shugaban majalisa ya ce masu goyon baya su miƙe tsaye. Mai karatu ya shiga jero sunayen waɗanda suka miƙe, ina bin su ɗaya bayan ɗaya. Da ya kai ƙarshe ya ce ƙudurin ya faɗi da ƙaramin rinjaye, amma za a sake kawo shi bayan hutun Salla.

"Malam Dikko, ban ji an kira naka ba," in ji Bayo, yana naɗe ƙwayoyi a takarda.

"Wataƙila ba ya nan."

"Shina nan daram. Yau kowa ya zo, don bayan wagga magana akwai ta motocinsu. Tsaya ka ji, a nan za ya tashi."

Nawa da Bayo ke nufi shi ne Honarabul Kalilu, ɗan yayan mahaifiyata, wanda ya girme ni da kusan shekara ashirin. Mazaɓarsa ta taso daga wani sashe na Argungu ta gangara fadama, har ta haɗa da Tungar Riskuwa, ƙetaren gulbi. A can matata Baiwa take. Cikinta na fari ne, kuma bisa al'ada an mai da ita ɗakin mahaifiyarta goyon ciki, ta haihu a can. Na yi lissafin watanninta fiye da yadda ya kamata namiji ya yi, kuma kullum lissafin wuri ɗaya yake kai ni: haihuwar za ta zo daidai lokacin da gulbi ke tumbatsa, fadama ta zama ruwa iya ganin ido, jirgin hannu ya wuni yana neman gaɓa. Na san matan da aka ɗauko daga tungaye a irin wannan lokaci. Na san kuma inda jirgin ya juya da wasu daga cikinsu.

Na lumshe ido a kan bencin, sai na ga zauren majalisar, ko da yake ban taɓa shigarsa ba. Ruwa yana kwararowa ta ƙarƙashin ƙofofi ba tare da ƙara ba, kainuwa tana yawo tsakanin kujeru, mutane suna miƙewa suna tattare riguna. Kalilu kaɗai yana zaune, hannuwansa bisa gwiwa, ruwan ya kai masa ƙirji, yana murmushin nan nasa na mutumin da bai taɓa yin gaggawa ba. Kiran sallar magariba ne ya fitar da ni.

Ni mutum ne da ba ya iya yi wa babba magana kai tsaye. Ko shugabanmu na ofis, sai na tsara gaisuwar da zan yi masa tun daga gida. Amma akwai ƙofa ɗaya da al'ada ta bar mini a buɗe. Kalilu ɗan namiji ne, ni ɗan mace, saboda haka taubasai ne mu: shi ubangida, ni bawa, kuma duk abin da bawa ya faɗa wa ubangidansa a bainar jama'a ba a riƙe shi da shi. Na yanke shawarar in shiga ta wannan ƙofa ranar gaisuwar Salla, in faɗi komai a gaban mutanen mazaɓarsa, yadda kunya za ta tashe shi tsaye in an sake kawo ƙudurin. Sauran kwanakin azumin na ƙare su ina gyara jimlolin a zuciyata, ina cire wadda ta yi kaifi, ina mai da ita, ina sake cirewa.

Washegarin Salla na shiga motar Argungu. Hanya ta bi gefen fadama, shinkafa ta fito kore shar, shamuwa na tsaye da ƙafa ɗaya a cikin kwatami kamar an manta da su a wurin. Can nesa gulbin yana ƙyalli, siriri ne har yanzu, yana kwance cikin gaɓarsa kamar ba shi ne zai tashi ba. Ina ta maimaita maganata a hankali, har tsohon da ke kusa da ni ya ɗauka wuridi nake yi, ya matsa ya ba ni wuri.

Zauren Kalilu cike yake da masu gaisuwa: manoman albasa daga wajen Augie, sarkawa masu kamun kifi, 'yan jam'iyya da hulunansu iri ɗaya. Ƙamshin turare ya cakuɗe da na soyayyen nama. Yana ganina ya ɗaga hannu.

"Ku ba shi hanya, ga bawana nan. Jama'a, wanga da kuke gani, gwamnati ta kai shi makaranta shekara da shekaru don ya koyi leƙa tulunan matan mutane. Dikko, mi ka gani cikin tulu bana?"

Aka yi dariya. Na durƙusa na gaishe shi, sa'annan na ɗaga murya.

"Ubangidana, abin da na gani a tulu yana motsi. Abin da na ji a rediyo ne ba ya motsi. Jama'a, ku taya ni murna, ubangidana ya fi kowa iya zama a ƙasar Sakkwato. Ranar da aka yi maganar allurar ƙyanda, yana Kaduna wajen ɗaurin aure. Ranar da aka nemi ƙarin gadaje a ɗakin haihuwa, yana nan, amma bakinsa yana azumi, alhali ba watan azumi ba ne. Shekara uku ke nan, muryarsa ba ta fito daga akwatin rediyo ba sai ranar da aka zo kan motoci. Rannan aka ce wanda ke son a ajiye jirgi da ungozoma a bakin gulbi ya tashi tsaye, sai ubangidana ya gyara zama."

Ban tsallake ko jimla ɗaya ba. Na tsaya ina jiran shirun da na yi ta zanawa a raina.

Zauren ya fashe da dariya. Wani basarke ya riƙe ciki yana dukan tabarma, wani yana cewa a maimaita ta azumin baki. Kalilu ya fi kowa dariya, har hawaye suka zubo masa, yana nuna ni da carbi.

"Kun ji bawan banza. Don na hana shi goro bara ne. Ku zo mashi da hula, kar ya tai ya ce ubangida nai bai yi mashi Salla ba."

Aka kawo sabuwar hula, ya kafa mini ita da hannunsa, ya danna har ta rufe mini gira. A lokacin ne na gane kuskurena. Abin da ya ba ni ikon faɗi shi ne ya hana a ji. Duk wanda ke zauren ya san maganar taubashi ba a auna ta. Ana dariya a wuce, kamar yadda ake yi tun kakanni. Ko da ƙarya na shirya, hakan za su yi. Na dube su ta ƙarƙashin hular, fuskokinsu suna ninkaya a idona, daga cikinsu har da mazan da matansu ke ƙetaren ruwa.

Na cire hular, na ajiye ta a kan tabarma a gabansa.

"Alhaji Kalilu, ba wasa nake yi ba."

Ban taɓa kiran sunansa ba tun da aka haife ni. Dariyar ta janye daga zauren kaɗan kaɗan. Wani dattijo ya yi gyaran murya, ya ce, "Yaro, ɗauki hularka," amma ban ɗauka ba. Kalilu ya dube ni na ɗan lokaci, ya miƙe, ya ce in biyo shi.

Muka tsaya a bayan zauren ƙarƙashin dalbejiya, inda motarsa take an lulluɓe ta da tamfol. Muryarsa ta sauka, ta zama ta wani mutum da ban sani ba, gajiyayye.

"Ka san wa ya kawo ƙudurin nan? Ɗan adawa ne. Tun da safe anka tara mu, anka ce kowa ya zauna. In na tashi a kan maganar ɗan adawa, zaɓe mai zuwa ba ni za a tsayar ba. Kai a rediyo kake jin majalisa, ni cikinta nike."

"Baiwa tana Tungar Riskuwa," na ce. "Cikin ambaliya za ta haihu."

"To, don wannan ka ƙi hulata gaban mutane? Da ka faɗa mini tun farko. In lokaci ya yi ka aiko, ga mota nan, direba ya ɗauko ta."

Na dubi motar, na dube shi. A tungar aka haifi mahaifinsa, amma da gaske yake maganar, ba ya jin ya faɗi wani abin mamaki.

"Yaya, mota ba ta shiga gulbi."

Wata kurciya tana kuka a saman itacen, daga cikin gida kuma ana jin luguden daka.

"In an sake kawo ƙudurin, za ka tashi?"

"Za a duba," in ji shi, yana kallon tamfol ɗin.

Na san abin da wannan amsa take nufi, domin ni ma ma'aikacin gwamnati ne. Na yi masa sallama, ban koma ta zauren ba.

Ban shiga motar Birnin Kebbi ba. Na gangara mashigi, na sami Hodi mai jirgi yana kwarfe ruwa da ƙoƙo, ya ƙetare da ni. Ruwan ya fara yin ja, alamar an yi ruwan sama mai yawa a gabas, kuma Hodi ya nuna mini wani kututture da ya ce shekaranjiya a tudu yake. Jirgin yana tafiya kamar ba ya tafiya, gaɓar can ce take matsowa.

Abin da ya rage mini ya fi na zauren wuya. Suruki ba ya zuwa gidan surukai lokacin goyon ciki ya yi dogon zance, balle ya nemi a ba shi matarsa. Tun da na auri Baiwa ban taɓa haɗa ido da mahaifiyarta ba, gaisuwa ce daga nesa, kai a ƙasa. Na cire takalma, na durƙusa a bayan zanan da ya kare tsakar gida, na yi sallama. Ta amsa daga ciki. Wannan karon ban shirya ko kalma ɗaya ba.

"Inna, na zo roƙo ne. Gulbi zai cika, kuma ba za a kawo jirgin asibiti ba. Ina so a bar Baiwa ta dawo Argungu, ɗakin mahaifiyata, kusa da likita, tun ana iya ƙetarewa."

Kaji suna motsi a bayan rumbu. Ta ramukan zanan ina hango inuwar Baiwa a bakin ɗaki, ta daina tsintar shinkafar da ke faifanta.

"Haihuwar fari ɗakin uwa aka yin ta," in ji Inna. "Mi za a ce da ni cikin tunga?"

"Za a yi magana, Inna. Na gwammace a yi ta tana raye."

Na ji ta ja numfashi. Ta kira sunan wata mata da ban sani ba, a hankali, kamar mai yi wa kanta tuni, ta yi mata addu'ar rahama. Sa'annan ta ce, "Mutanen birni ba su iya ruwan jego ba, da ɗumi-ɗumi suka yin shi. In za ta tai, da ni za a tai. Ka ce ma Hodi ya kwana da shiri, akwai itace."

Washegari da hantsi muka taso. Hodi ya yi ta gunaguni saboda kayan: babbar tukunyar wanka, damin itacen da Inna ta tara tun rani, ƙullin kanwa, da kaza biyu a akurki. Jirgin ya nutsa har ruwa yana taɓa yatsuna in na riƙe gefensa. Inna ta zauna a gaba ta ba ni baya, yadda ya kamata. Baiwa tana tsakiya, ta jingina da damin itacen, mayafinta ya rufe rabin fuskarta, tana kallon bado yana wucewa.

"An ce ka ƙi hular Honarabul," ta ce da ƙaramar murya, don kada uwarta ta ji.

"Ta yi mini yawa."

Ta yi dariya a cikin mayafin, ta sa hannu a ruwa. Hodi ya kafa gora, ya tura mu tsakiyar gulbi, rufin kwanon Argungu yana fitowa daga cikin itatuwa a gabanmu.