Agogunan da Suka Ƙi Tsayawa

Ranar da kotu ta rufe shagon Baba, ni ce na riƙe wa magatakarda fitila yana leƙa lunguna yana rubuta kaya. Ƙanena Auta kuwa yana bakin ƙofa ya harɗe hannu, kamar wanda aka kawo dole. Baba mai gyaran agogo ne, ya fi shekara arba'in a wannan ɗan shagon, kuma ya rasu bai bar wasiyya ba. Mu biyar ya bari. Uku suna aure nesa, don haka alƙali ya ɗora mu biyu, ni babba da shi ɗan autan, mu kula da dukiyar tare har ranar rabo.

Magatakarda mutum ne marar gaggawa, kafin ya rubuta abu ɗaya sai ya taɓa shi sau biyu. Agogon bango ashirin da uku. Na hannu guda tara a aljihun tebur. Tebur, kujera, tsohon kabad, ɗan gilashin da Baba ke maƙalawa a ido, da zoben ƙananan makullai a rataye jikin ƙusa. Da ya gama ya yi mana bayani: za a liƙa sanarwa ta wata biyu, ko akwai wanda ya ba da gyara bai karɓa ba. Kafin nan ba mai shiga, ba mai fitar da ko allura, kuma a ƙarshe mu biyun za mu yi rantsuwa a gaban alƙali cewa kaya suna nan yadda aka rubuta su. Ya sa kwado biyu, ya ba ni makulli ɗaya, ya ba Auta ɗaya, ya liƙa takarda mai hatimi a tsakanin ƙyauren.

Ni shugabar makaranta ce. Shekara ashirin ina kallon fuskokin masu laifi, don haka na yarda da idona fiye da yadda na yarda da bakin kowa. Kuma ban manta ba. Auta yana ɗan shekara sha tara, lokacin Baba na koya masa gyara, ya ɗauki agogon wani da aka kawo ya sayar. Baba ya sha kunyar da bai taɓa sha ba, Auta ya bar shagon ya koma tuƙin motar kaya. Shekara sha biyar ke nan. Baba ya yafe tun tuni, ni dai na ajiye abina a zuciya. Ga shi kuma ranar zaman makoki na hango shi a bayan gida da wani dillalin tsofaffin kaya, suna magana ƙasa-ƙasa, dillalin yana nuna faɗin wani abu da hannuwansa biyu. Ni ma na san akwai agogunan Baba da masu tara kayan da za su yi rububi a kansu.

Kwana sha tara da rufe shagon na biyo ta layin da safe zan je ofishin ilimi. Ban yi niyyar tsayawa ba. Ina daf da ƙofar sai ƙarfe goma ta buga a ciki. Babban agogon ya fara, mai murya kamar ta tsoho, sauran suka bi shi, wani ya riga, wani ya makara, daidai yadda na saba ji tun ina yarinya. Hawaye suka zo mini. Na yi taku uku, sannan lissafi ya zo, hawayen suka koma.

Agogunan Baba ba na batir ba ne. Irin waɗanda ake murɗawa da makulli ne, kuma murɗi ɗaya kwana takwas yake kai su. Shi ya sa duk Lahadi da safe Baba yake zuwa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ko da zazzaɓi yake yi. Kwana takwas. Yau kwana sha tara. Mamaci ba ya murɗa agogo.

Na duba kwado biyun, suna nan. Na duba takardar hatimi, ko gefenta bai ɗaga ba. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali, don ɓarawon da bai bar alama ba ɗan gida ne. Na shiga shagon da ke manne da namu, na tela, abokin Baba na shekara da shekaru, wanda muke kira Kawu. Na tambaye shi ko ya ga wani yana shawagi a ƙofar. Mutumin da kullum sai ya ajiye ɗinki ya tsokane ni da cewa ga sarauniyar bulala ta zo, ranar ko kai bai ɗaga ba. Ya ce shi idonsa yana kan allura. Ƙafarsa kuwa ta ƙara gudu a kan keken ɗinki.

Ranar Lahadi na zauna a kantin magani da ke tsallaken titi, na ce jiri nake ji. Ƙarfe tara saura, ga motar Auta. Bai ko kalli ƙofarmu ba, ya shige shagon Kawu. Auta da riga biyu yake rayuwa, me ya haɗa shi da tela? Minti arba'in na ƙirga. Ya fito da yanar gizo a kafaɗa, hannunsa ɗaya a aljihu ya danne wani abu.

Maigidana ya ce in kira shi in tambaye shi, ai ƙanena ne. Na ce tambayar mai laifi ba ta haifar da komai sai sabuwar ƙarya. Ƙannena mata kuma suka dinga kira a waya, kowace tana cewa Yaya, ke muka sani, in wani abu ya ɓace ke za a tuhuma. Gaskiyarsu. Ni zan ɗaga hannu in rantse, kuma ban shirya rantsuwa a kan bangon da aka kwashe ba. Amma in zan faɗi gaskiya, akwai wani daɗi da na ji a ƙasan raina, irin na wanda ya daɗe yana faɗar abu ba a yarda ba.

Litinin na kai takardar ƙorafi kotu, shafi biyu, da rubutuna mai kyau. Magatakarda ya karanta har ƙarshe, ya ɗauki hatimi, bai buga ba.

"Malama, kin tambaye shi?"

Na ce ba aikina ba ne bincike.

"In na buga wannan ta shiga fayil, ba ta fita. Ko me aka tarar, sai alƙali ya yi hukunci."

"Buga," na ce.

Alhamis muka haɗu a ƙofar shagon: ni, magatakarda, Auta, da Kawu da aka kira. Auta ya gaishe ni kamar kullum, na amsa a daƙile. Aka yage takarda, kowa ya buɗe kwadonsa. Ƙarar tafiyar agoguna ta tarbe mu, ɗakin a share, ba ƙura ko a kan teburin. Magatakarda ya fara ƙirga yana taɓawa. Ni ma ina ƙirgawa a raina, ina jiran gurbi a bango. Ashirin da ɗaya, ashirin da biyu, ashirin da uku. Na ce a duba bayansu, ana iya kwashe kayan ciki a bar kwanko. Aka duba. Na ce a buɗe aljihun tebur. Tara cif.

Kawu ne ya matsar da kabad da kansa. A bayansa akwai 'yar ƙofa, sai mutum ya durƙusa zai wuce. Ya ce su biyu suka fasa ta da Baba shekara talatin da suka wuce, don in ɗaya ya tafi cin abinci ɗayan ya riƙa leƙa masa shago. Ban taɓa saninta ba. Ni duk zuwana shagon a bakin ƙofa nake tsayawa in gaida Baba, in ce ina sauri.

Magatakarda ya kai ƙarshen jerin, ya kalli ƙusa. Babu zoben makullai. Auta ya ciro shi daga aljihu ya ajiye a kan tebur a hankali.

"Shi kaɗai na fitar," ya ce. "Ina goge su ne a gida, tsatsa ta fara kama su."

Magatakarda ya tambaye shi dalilin shigarsa. Ya yi bayani idonsa a ƙasa. Tsohon agogo in ya tsaya wata biyu mansa yana daskarewa, wani ba ya sake tashi. Kowanne da makullinsa, kowanne da iyakar murɗinsa, in ka wuce ka tsinka masa ƙarfen ciki. Dillalin kuwa ya zo ne neman babban agogon, shi kuma ya ce masa ba na sayarwa ba ne. Sannan ya ce Lahadin ƙarshe da Baba ya yi a asibiti, ya farka yana tambayar wa zai murɗa, shi ne ya ce masa zai yi, kuma tun ranar bai fasa ba. A ranar ni ma ina asibitin. Ina can waje ina faɗa da masu jinya a kan zanin gado.

"Me ya hana ka faɗa mini?" na ce. Muryata ta fito irin wadda nake yi wa ɗalibai.

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni. "Da na faɗa miki, Yaya, me za ki ce?"

Na san amsar. Da na ce doka ta hana.

A waje na ja magatakarda gefe na ce na janye ƙorafina. Ya ce ai ya faɗa mini. Mako na zagayowa alƙali ya yi abin da doka ta ce: ba a saci komai ba, amma an shiga inda kotu ta rufe, don haka an cire Auta daga kula da dukiya, an bar ni ni kaɗai. Aka sa kafinta ya buge 'yar ƙofar da ƙusoshi, aka mayar da zoben kan ƙusarsa a ciki, aka liƙa sabuwar takarda. Auta ya miƙa makullin kwadonsa.

Saura mako huɗu da 'yan kwanaki wa'adin ya cika. Na koma bin layin kullum da safe, alhali ba hanyata ba ce. Ƙananan suka fara yin shiru. Kullum bugun goma yana raguwa, har ya rage babban shi kaɗai, yana ja da ƙyar. Wata Talata na tsaya har goma da kwata ban ji komai ba. Kawu yana kallona ta tagarsa, bai tsokane ni ba, bai kuma ce in shigo ba.

Da wa'adi ya cika na yi rantsuwata ni kaɗai, kaya sun cika, ba abin da ya ɓace. Aka buɗe mini shago. Na sauke zoben na tsaya a tsakiyar ɗakin. Makulli ashirin da uku, ba rubutu a jikin ko ɗaya, duk kamarsu ɗaya a idona. Na gwada biyu a jikin babban, ba su shiga ba, na uku ya shiga, sai na ji tsoron murɗawa. Ban san iyakarsa ba.

Na sami Auta a inda suke lodi, yana ɗaure kaya da igiya. Ya sauko, ya rusuna ya gaishe ni, ya tambayi maigida da yara ɗaya bayan ɗaya, irin gaisuwar da ake yi wa baƙuwa mai daraja. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na ce masa na yi kuskure, kalmar da rabon da ta fito daga bakina har na manta. Na miƙa masa zoben, na ce gobe Lahadi.

Ya kalli makullan ya daɗe. Na ga yatsunsa sun motsa, kamar sun gane nasu. Sai ya mayar da hannun bayansa.

"Kin samo mini izinin kotu, Yaya? Ni ai an cire ni."

Ya ce a gaida gida, ya hau motarsa. Washegari ƙarfe tara saura na buɗe shagon, na share, na matsar da kabad, na sa Kawu ya taya ni cire ƙusoshin. Na zauna a kujerar Baba da zoben a cinyata har azahar, ina kallon ƙofa biyu.